Ɗa Na Kowa Ne, Amma Akwai Mai Shi: Doka da Yaron da Ya Gudu Daga Gida

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu masu girma waɗanda wannan mujalla za ta kai hannunku, ina roƙo ku ba ni aron hankalinku kaɗan, domin in yi magana a kan wani al'amari wanda yakan faru a unguwanninmu na Sakkwato, amma ba safai akan zauna a tattauna shi ba sai ya riga ya zama rigima. Al'amarin kuwa shi ne na yaro ko yarinya da suka gudu daga gidan iyayensu, da kuma matsayin mutumin da ya karɓe su ya ajiye su wurinsa ba da sanin iyayen ba.

Kowa ya san Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Saboda haka in yaro ya faɗo gidan mutum da magariba yana kuka, ya ce an kore shi, ko kuwa tsoron duka ya hana shi komawa gida, da wuya a sami mai imanin da zai rufe masa ƙofa. Za a ba shi tuwo ya ci, a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Har nan babu wanda zai ce an yi laifi. To, amma in gari ya waye fa? Kwana ɗaya ya zama biyu, biyu su zama mako, alhali kuwa can uwa tana ta zagaya asibiti da ofishin 'yan sanda, ta kasa ci ta kasa barci. A wane lokaci ne taimako yake juyewa ya zama laifi? Wannan ita ce tambayar da nake so mu warware, ta fuskar al'ada, da addini, da dokokin ƙasa.

Abin da ke sa yaro gudu

Kafin mu shiga maganar doka, ya kamata mu san cewa yaran da ke barin gida ba iri ɗaya ba ne. Ana iya kasa su kashi uku.

Kashi na farko su ne waɗanda suka gudu saboda laifin da suka yi. Wani ya zubar da kuɗin aike, wata ta kifar da kayan talla, wani ya faɗi jarrabawa yana tsoron nuna sakamako, wani kuma ya tsallake katangar makarantar kwana don an sa shi horo. Irin waɗannan galibi ba su yin nisa, kuma da an lallashe su sun koma.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka gudu saboda laifin da ake yi musu: duka wanda ya wuce na tarbiyya, ko horon yunwa, ko auren dole, ko wani mugun abu da yaro ke jin kunyar faɗa. Kada wani ya ce ai irin wannan ba ya faruwa a ƙasarmu. A watan Satumba 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutane wajen 300, da yawansu yara, daga wani gidan mari a unguwar Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. A watan Agusta 2020 kuma, a nan maƙwabta Birnin Kebbi, an ceto wani yaro ɗan shekara 10 wanda aka ɗaure shi a wurin dabbobi har tsawon shekara biyu.

Kashi na uku su ne waɗanda aka yaudara. Wani ya yi musu daɗin baki cewa akwai aiki a Abuja ko Legas, ko wani saurayi ya yi alkawarin aure, ko kuwa an saba da wani ta waya wanda ba a taɓa gani ido da ido ba. Garinmu kuwa mahaɗar hanyoyi ne. Daga Sakkwato zuwa kan iyaka a Illela bai kai kilomita 100 ba, ƙetare kaɗan sai Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar. Yaron da ya shiga mota da hantsi, kafin la'asar ya bar ƙasar ɗungum.

Abin lura a nan shi ne, wanda yaro ya faɗo gidansa ba shi da hanyar da zai gane daga fuska kawai ko wane kashi yaron yake. Duk yaron da ya gudu yakan zo da labari mai ban tausayi, mai gaskiya da maƙaryaci. Wannan shi ne dalilin da ya sa al'ada da addini da doka duk suka haɗu a kan abu guda, watau ba a bar wa mai masauki ya zama alƙalin al'amarin shi kaɗai a ɓoye ba.

Abin da al'ada ta tanada

Iyayenmu da kakanninmu ba su jira dokar boko ba kafin su shirya wa wannan matsala hanya. Suna da abubuwa uku.

Na ɗaya, cigiya. In an tsinci yaro, ko akuya, ko kuɗi, akan kai magana wurin mai unguwa, a sanar a masallaci bayan salla, mai shela ya zaga kasuwa. Da rediyo ta zo, sai cigiya ta shiga gidan rediyo, kamar yadda muka saba ji a Rediyon Rima. Ma'anar cigiya ita ce wanda ya tsinta ya fito fili ya ce, "Ga abin da ke hannuna, ba nawa ba ne, ina mai shi?"

Na biyu, rakiya da ban haƙuri. Yaron da ya yi laifi yakan ruga gidan kakarsa, ko gidan aminin ubansa, ko wurin liman. Shi kuwa dattijon ba ya ɓoye shi. Yakan aika a gaya wa iyaye cewa yaro yana wurinsa, su kwantar da hankalinsu. In zuciya ta huce sai ya riƙo hannunsa ya kawo shi, ya ce, "Na zo roƙon arziki, a yi masa haƙuri saboda ni." Uba mai mutunci kuwa ba ya ɗaga hannu bayan wannan.

Na uku, riƙo. Ba baƙon abu ba ne yaro ya tashi a gidan gwaggo ko kawu ko malami. Amma riƙo ba ya ƙulluwa sai iyaye sun bayar da bakinsu, mariƙi ya karɓa, dangi sun shaida. Ba a taɓa jin an kira shi riƙo ba in mutum ya ga ɗan wani ya ajiye, uban yana nema.

Abin da shari'ar Musulunci ta ce

A littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan garin nan, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid, an jera waɗanda ke da haƙƙin renon yaro, abin da malamai ke kira hadana. In aure ya mutu, uwa ce ke da haƙƙin reno har namiji ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu ko ta yi wani aure, sai kaka, sa'an nan inna, watau 'yar'uwar uwa, haka har a gangara. To, in har a cikin dangi na jini an tsara wa ke gaba wa ke baya, ina ga bare wanda bai haɗa kome da yaro ba?

Haka kuma malamai sun yi babi guda a kan tsintaccen yaro. Sun ce ɗaukar yaron da aka yar farilla ce a kan jama'a, in wani ya yi ya ɗauke wa saura, in kowa ya ƙi duk sun yi laifi. Watau addini bai yarda a ga yaro cikin halaka a wuce ba. Amma mu dubi yadda aka yi a zamanin Sayyidina Umar, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Wani mutum ana ce da shi Sunainu Abu Jamila ya tsinci jariri, sai ya kawo maganar gaban Halifa. Umar ya tambaye shi abin da ya sa ya ɗauka, ya ce ya same shi ne a yashe. Sai shugaban jama'arsa, wanda a wurinmu kamar mai unguwa ke nan, ya shaida cewa mutumin kirki ne. Daga nan ne Umar ya bar masa yaron, ya tabbatar cewa yaron ɗa ne ba bawa ba, ciyarwarsa kuwa tana kan baitulmali. Mu lura da matakan: ya ɗauka, ya kai gaban hukuma, an bincike shi, an sami mai shaidarsa, sa'an nan aka ba shi izini. In haka aka yi game da jaririn da ba a san iyayensa ba, yaya ke nan game da yaron da ya san sunan ubansa da ƙofar gidansu?

Akwai kuma darasi a tarihin Zaidu ɗan Harisa. An kama shi yana yaro, aka sayar da shi, har ya kai hannun Nana Hadiza, ita kuma ta ba da shi ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da ubansa da baffansa suka ji labarin inda yake, suka zo Makka neman fansarsa, ba a ɓoye musu shi ba. An kira shi a gabansu, aka ba shi zaɓi a fili. Daga baya kuma aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka da umurnin a riƙa kiran irin waɗannan 'ya'ya da sunan ubanninsu na asali. Saboda haka sauya wa ɗan wani suna, ko ɓatar da asalinsa, abu ne da addini ya hana tun kafin dokar zamani.

Abin da Final Kod ta ce

Kundin dokokin laifuffuka na Jihar Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, an shirya shi ne a zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. A 1958 aka gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Wani kwamitin malamai ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Malam Junaidu ya duba daftarin. Majalisa ta zartar da shi a 1959, ya fara aiki ran 30 ga Satumba 1960. An tsara shi ne bisa kundin Sudan, shi kuma na Sudan ya samo asali daga na Indiya na 1860. A 2000 Jihar Sakkwato ta shiga jerin jihohin da suka faɗaɗa shari'ar Musulunci zuwa laifuffuka, a 2019 kuma ta sabunta kundinta na Final Kod. Saboda haka lambobin sassan da zan ambata na kundin 1959 ne, domin shi ne tushe.

Sashe na 271 na wannan kundi ya ce duk wanda ya ɗauki yaro namiji da bai kai shekara 14 ba, ko mace da ba ta kai 16 ba, ko kuwa ya ja hankalinsu da yaudara, ya fitar da su daga hannun waliyyinsu ba da yardar waliyyin ba, to ya yi satar mutum. Sashe na 273 ya sa hukuncin ɗauri har zuwa shekara 10, da tara. Sashe na 277 kuwa shi ne ya fi shafar mai masauki, don ya ce wanda ya san an sato mutum, kuma ya ɓoye shi ko ya tsare shi, hukuncinsa daidai yake da na wanda ya sato.

Akwai abubuwa uku da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe daga nan.

Na farko, yardar da doka ke nema ta waliyyi ce. Yardar yaron ba ta wadatarwa. Saboda haka maganar "ai ita ta ce tana so" ba ta fid da mutum a gaban alƙali.

Na biyu, kuskuren shekaru yana da haɗari. A Ingila a 1875 an yi wata shari'a da ɗaliban lauya ke karantawa har yau. Wani mutum mai suna Henry Prince ya tafi da wata yarinya wadda ba ta kai shekara 16 ba. Ita da bakinta ta gaya masa shekarunta 18, jikinta ma ya nuna haka, kuma kotu ta yarda cewa da gaske ya gaskata ta. Duk da haka aka same shi da laifi, domin ya san ya raba ta da ubanta ba da izini ba.

Na uku, akwai bambanci tsakanin wanda ya ɗauko yaro da wanda yaro ya zo wurinsa da ƙafarsa. Kotun Ƙoli ta Indiya ta bayyana wannan a 1964, a shari'ar wani mutum mai suna Varadarajan a birnin Madras. Yarinyar ɗalibar kwaleji ce, saura kaɗan ta cika shekara 18, ita ce ta bar gida da kanta, ita ce ta kira shi. Kotu ta sallame shi, ta ce bai ɗauke ta ba. Amma kotun ta ƙara da cewa da an tabbatar ya taɓa zuga ta tun da farko, da hukuncin ya sauya. Tun da kundinmu da na Indiya tushensu ɗaya, lauyoyi kan duba irin waɗannan hukunce-hukunce. Abin da za mu koya shi ne, buɗe wa yaro ƙofa don ya tsira daga dare ba satar mutum ba ne. Amma tazarar da ke tsakani 'yar kaɗan ce. Kalma guda kamar "in sun dame ka ka taho wurina," ko kuɗin mota da aka bayar a ɓoye, ko cewa "ban gan shi ba" alhali yana cikin ɗaki, kowane ɗaya yana iya mai da mai taimako abin tuhuma.

Dokokin kare yara

Ban da Final Kod akwai dokokin da aka yi musamman don yara. Tun 1958 Jihar Arewa ta sami dokar yara da matasa, wadda ta ba da dama a kai yaron da ke bukatar kulawa, ko wanda ya gagari iyayensa, gaban kotun yara domin ta san inda za a ajiye shi. A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara, Nijeriya ta tabbatar da ita a 1991. A 2003 Majalisar Tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara, wadda ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne.

Sashe na 27 na dokar 2003 ya hana kowa fitar da yaro daga hannun uwa ko uba ko waliyyi ba da son ransu ba, kuma hukuncin yana ƙaruwa gwargwadon nisan da aka yi da yaron. In a cikin jiha ne, ɗaurin shekara 7. In an fitar da shi daga jihar da iyayensa ke zaune, shekara 10. In an ƙetara da shi ƙasar waje da niyyar komo da shi, shekara 15, in kuwa babu niyyar komowa, shekara 20. Wannan doka ta tarayya ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata. A nan Sakkwato, a watan Nuwamba 2021 ne Gwamna na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sa hannu a kan Dokar Kare Yara ta jiha.

Abubuwan da suka faru

Kada a ɗauka wannan magana ta cikin littafi ce kawai. A farkon 2016 jaridun ƙasar nan sun cika da labarin wata yarinya 'yar asalin Jihar Binuwai, mai shekara kamar 15, wadda danginta ke zaune a nan Sakkwato. Ta bar hannunsu tun watan Agusta 2015, ta yi wajen wata bakwai a hannun wasu. Maganganu sun sha bamban game da yadda ta bar gida, kowane ɓangare da nasa bayani. Sai da gwamnatin jiha ta sa aka bincika, kana a watan Maris 2016 aka mayar da ita ga danginta. Abin da dattawan unguwa da hukuma za su iya kashewa cikin mako guda, tsawon lokaci ya mai da shi maganar addini da ƙabila wadda duk ƙasa ta ɗauka.

A daidai wannan lokaci kuma aka yi ta cece-kuce kan wani matashi ɗan Jihar Kano wanda ya taho da wata yarinya da ba ta kai shekara 15 ba daga Yenagoa ta Jihar Bayelsa zuwa Kano. Masu goyon bayansa sun yi ta cewa da son ranta ta biyo shi. Wannan bai hana Babbar Kotun Tarayya da ke Yenagoa yanke masa ɗaurin shekara 26 a 2020 ba.

Ta ɗaya gefen, a watan Oktoba 2019 'yan sandan Kano sun sanar da ceto yara 9 da aka sace daga Kano aka kai Onica ta Jihar Anambra, aka sauya musu suna. A 2021 Babbar Kotun Kano ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104 bayan ya amsa laifinsa. Irin wannan labari ya sa idon jama'a ya buɗe, har ya zamana mutumin da aka gani da yaron da ba nasa ba, kafin ya gama bayani an yi masa ihun ɓarawon yara. Saboda haka cigiya kariya ce ga yaro, kariya ce kuma ga wanda ya taimake shi.

In gidan ne ke da haɗari fa?

Wani zai ce, "To, in yaro ya zo mini da tabon wuta a jikinsa, sai in mayar da shi hannun wanda ya ƙona shi?" A'a. Doka ba ta ce haka ba. Ita Final Kod ɗin da ta kare haƙƙin iyaye, ita ce kuma ta iyakance shi. Sashe na 55 ya yarda uba ko waliyyi ya hori ɗansa, amma da sharaɗin kada horon ya kai ga mummunan rauni. Sashe na 238 kuwa ya mai da zaluntar yaron da bai kai shekara 15 ba, ko yin watsi da shi, laifi a kan mai riƙonsa. Ashe ke nan hanyoyi uku ne a gaban mai masauki. Akwai mayarwa ga iyaye, akwai ɓoyewa, akwai kuma kaiwa ga hukuma. Ta tsakiyar ce kaɗai aka toshe.

Ko a ƙasashen da suka kafa gidaje musamman don yaran da suka gudu, ba a yarda da ɓoyewa ba. A Ingila dokar yara ta 1989 ta ba da dama a ba wasu gidaje takardar izini su saukar da irin waɗannan yara ba tare da an tuhume su ba, amma sai sun sanar da 'yan sanda, kuma zaman ba ya wuce kwana 14 a jere. Dokarmu ta 2003 ma ta ba 'yan sanda da kotu ikon kai yaron da ke cikin haɗari wurin tsaro na ɗan lokaci. A nan garin akwai ofisoshin 'yan sanda, da ma'aikatar da ke kula da al'amuran mata da yara, da Hisba, da ofishin shiyya na hukumar yaƙi da fataucin mutane, watau NAPTIP. Akwai kuma Cibiyar Nana Khadija da aka buɗe a 2020 a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato domin waɗanda aka yi wa fyaɗe ko irin wannan cin zarafi.

Abin da ya kamata a yi

In yaro ya faɗo gidanka, ka ba shi ruwa da abinci, ka kwantar masa da hankali, sa'an nan ka tambaye shi sunansa da na ubansa da unguwarsu. Ka kira maƙwabci ko biyu su shaida. Kada ka kwana sai mai unguwa ko liman ya sani. In yarinya ce, ta kwana cikin mata. In ba ka ga alamar cuta ba, a sanar da iyaye a daren, ko da kuwa sai da safe za a raka shi. In ka ga rauni, ko ya faɗi abin da ke tayar da hankali, a kai shi asibiti, a sanar da 'yan sanda ko ma'aikatan jin daɗin jama'a. Kada ka fita da shi gari, kada ka sa shi aikin gida ko talla, kada ka sauya masa suna, balle a yi maganar aure. In an yi cigiya ta rediyo ko ta Facebook wani ya zo ya ce ɗansa ne, kada a miƙa shi sai a gaban mai unguwa ko hukuma, domin ba duk mai cewa "nawa ne" ke da gaskiya ba.

Mu kuma 'yan makaranta, sau da yawa wurinmu aboki yake fara zuwa. Zai ce, "Ka rufa mini asiri, in kwana ɗakinka, kada ka gaya wa kowa," ko kuwa ya nemi rancen kuɗin mota. A lokacin sai mutum ya ga kamar amana ce. Amma ka tuna, in ya shiga mota a tasha ya ɓace, kai ne na ƙarshe da ya gan shi, kai za a fara tambaya, kuma kai za ka dubi idon uwarsa. Abota ta gaskiya ita ce ka ce masa, "Ba zan bar ka kai kaɗai ba, amma zo mu je wurin babana," ko wurin wani malami da kuka amince da shi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Ku kuma iyayenmu, muna roƙonku cikin ladabi. Ku koya wa ƙannenmu sunan ubansu da unguwarsu da lambar waya tun suna ƙanana, rigakafi ya fi magani. In yaro ya ɓace ku kai rahoto da wuri, kada jin kunyar abin da mutane za su ce ya sa a ɓata kwanaki. In kuwa an komo da shi, ku karɓe shi da godiya, ku tambaye shi abin da ya kore shi kafin ku ɗauko bulala. Yaron da aka raka gida aka yi masa dukan kawo wuƙa, gobe in ya tashi gudu ba gidan maƙwabci zai nufa ba, tasha zai tafi. Shi ma maƙwabcin da ya ga abin da rakiyarsa ta jawo, wata rana shiru zai yi. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma in an matsa da yawa karyewa yake yi.

A taƙaice, al'adarmu ta ce a yi cigiya, addininmu ya nuna a kai magana gaban shugaba, dokar ƙasa kuma ta tanadi ɗauri ga wanda ya raba ɗa da iyayensa. Ɗa na kowa ne wajen ceto da ciyarwa da nasiha, amma wajen yanke inda zai zauna akwai mai shi, in mai shi ya gaza akwai hukuma. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba iyayenmu haƙurin riƙonmu, ya ba mu ikon yi musu biyayya, amin.